Ɗakin Gilashi da Irin Albasar Kakanmu

A shekarun farko bayan an yanke mana jihar Kebbi, Kawu, ƙanen Innarmu, yana tuƙa wa wani ɗan kwangila tifa a Birnin Kebbi, inda ake ta gina ofisoshi. Wata rana da rani ya tsaya a ƙofar gidanmu a Aliero da manyan gilasai biyu naɗe cikin tsofaffin buhuna, ragowar wani gini da aka kammala.

Ba irin gilashin da muka sani ba ne. An shafe fuskarsa ɗaya da wani abu mai ruwan shuɗi. In kana waje da rana, kanka kawai za ka gani kamar a madubi. In kana ciki kuwa, kana ganin kowa.

"Wanga gilashi zahin rana ba ya ratsa shi," in ji Kawu. "In ya zo, sai ya koma inda ya hito."

Inna ta dube shi ta taɓe baki. "Kai dai tun kana ƙarami ba ka taɓa kawo abin da aka ci ba."

"Haba Yaya, manyan gwamnati na shan sanyi bayan irinshi, ke kina raina shi?"

Baba kuwa yana ta shafa gilashin da tafin hannu. A lokacin ya gama sabon ɗaki mai kaurin bango da rufin ƙasa, bai sa masa taga ba tukuna. Aka ɗauko mai walda daga Jega ya yi wa gilasan firam, aka dasa su a bango. Kawu ya hana a yi musu mabuɗi, ya ce a ofisoshin Birnin Kebbi ba a buɗe su, don in iska ta shiga sanyin ke gudu. Babu wanda ya tuna cewa can akwai na'urar sanyaya ɗaki. Ƙofa ma ta ƙarfe aka sa, mai kama bango tsam.

Gilashin bai yi ƙarya ba. Na dawo hutu daga makarantar kwana a tsakiyar bazara, na tarar ɗakin ya fi ko'ina sanyi a gidan. Da azahar nakan shimfiɗa tabarma in kwanta da littafi a ƙirji, ba na ma karantawa. Hasken ciki shuɗi ne mai laushi, kamar ina kwance a ƙarƙashin ruwa. Ina ganin kaji suna zuwa suna saran inuwarsu, ina ganin Inna tana wucewa tana gyara ɗankwali a gilashin, ba ta san ina kallonta ba. Ban taɓa son wani wuri kamar ɗakin nan ba.

Gidanmu gidan albasa ne. Irin da Baba ke nomawa na kakanmu ne, ja ce mai siririn wuya, mai daɗewa ba ta lalace ba. Kowace shekara yakan zaɓi ƙwayoyin albasa mafiya kyau ya ajiye har damina ta wuce, sannan ya dasa su, su yi fure, su ba da baƙin iri. Amma a wannan shekarar ƙwari sun cinye furen gaba ɗaya, bai samu komai ba. Abin da ya rage na irin kakanmu shi ne ƙwayoyin da ya zaɓa daga sabon girbi.

A rudu ake ajiye albasa a wajenmu, gadon kara da ake ɗagawa a kan itace a rufa masa ciyawa, iska na shiga ta ko'ina. Sai dai a wannan bazarar gobara ta ci rudun maƙwabta biyu, Baba ya tsorata. Ya san albasa tana son iska, kowane ɗan Aliero ya sani. Amma ya riƙa shiga ɗakin gilashi yana tsayawa, yana jin sanyin a fatarsa, har ya gamsu cewa zafi ne babban maƙiyin albasa.

"Uwata," ya ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "tashi ki ba kakanki wuri."

Na naɗe tabarmata. Ya shimfiɗa kara, ya jera ƙwayoyin da hannunsa, ya kulle ƙofa da kwaɗo. Da ruwan farko ya sauka, ya sa makullin a aljihu ya tafi gonarsa ta gero a Andarai, can wajen Maiyama, inda yakan zauna har a gama noman farko.

Damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe, bango ya sha ruwa. Ƙudaje ne suka fara sanar da mu. Suka taru a bakin ƙofar ƙarfen suna neman hanya. Bayan su wari ya biyo, da farko kaɗan, mai ɗan zaƙi-zaƙi, daga baya ya cika tsakar gida har tuwo ya daina shiga mana.

Na je taga na kafa goshi, na kare idona da hannuwa biyu. Ban ga komai ba sai idanuna, da ɗigon ruwa da ke gangarowa ta ciki kamar gilashin na gumi.

"Inna, mu ɓalle kwaɗon."

"In hwasa ƙohwar Malam ba ya gari? Mi za a ce da ni cikin unguwa?"

"Albasar na ruɓewa."

"Na ji da hancina, ɗiyar boko. An aika mishi."

Ta aika kuwa, ta bakin 'yan kasuwar da ke zuwa Maiyama. Amma ruwa ya ɓata hanyar Andarai, saƙon ya daɗe bai isa ba. Kullum da safe sai in ga Inna ta tsaya a gaban ƙofar da taɓarya a hannu, ta daɗe, sannan ta koma wajen turmi.

Baba ya iso da hantsi, laka har gwiwa. Ko ruwa bai sha ba ya buɗe ƙofar. Warin da ya fito daga ciki ya sa na toshe hanci na ja da baya. Albasar ta narke, baƙin ruwa ya kwanta a daɓe, tsutsa na motsi cikin kara. Ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya tsuguna yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana latsa wuyan kowace da babban yatsa, yatsan na nutsewa. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa komai ba. Da Inna ta fara magana, ya ce, "Ni na kulle."

Ya sami 'yan kaɗan a gefen ƙofa da suka yi kamar suna da rai. Ya shanya su a inuwa, ya dasa su bayan damina, yana ba su ruwa da kansa. Suka fito da kore, muka fara murna. Kafin su yi kara sai ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Da ya tona, cikinsu ruɓaɓɓe ne.

Akwai wani ɗan'uwansa a Kashin Zama da Baba ya taɓa ba irin a shekarun baya. Baba ya hau keke ya tafi. Mutumin ya karɓe shi da kyau, amma ya gaya masa gaskiya, ya daɗe da gauraya irin da na kasuwa. Baba ya karɓi abin da aka ba shi a ƙullin tsumma.

Ya dawo ya shuka shi. Da aka yi girbin albasar, wata ja, wata fara-fara, wata mai kaurin wuya. Na tarar da shi a bakin gona yana yanke ganye, na tsuguna kusa da shi na ɗauki wata mai ja sosai.

"Baba, wagga kamar tamu."

Ya karɓa, ya juya ta, ya ɓare ɓawo ɗaya ya shinshina. Sannan ya jefa ta cikin tarin da za a kai kasuwar Jega. Bai ware ko ɗaya don iri ba a wannan shekarar, haka ma a wadda ta biyo.