Liyari Uku, Tabo Ɗaya

Wuta ta ci rumfata sau biyu, na manta yawancin abin da ya ƙone. Amma ranar da na kai wa wani tsoho liyarin jabu a Sabon Tasha, wannan ba za ta fita raina ba sai ƙasa ta rufe ni.

Zubin tukwane nake yi a Tudun Wadar Kaduna. Bayan gobara ta biyu ba abin da ya rage mini sai hannuna da liyarin mahaifiyata, tsohon kuɗin azurfan nan mai kan mace da tsofaffi ke ratayawa. Na ji labarin wani dattijo, mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin masaƙa, wai yana sayen kuɗin zamanin da. Na uwata ba na sayarwa ba ne. Sai na ce wanda ya iya zuba tukunya ai kwabo ba zai gagare shi ba. Na danna liyarin a ƙasar zubi, na zuba uku da dalma, na goge gefe, na binne su sati biyu, na shafa musu baƙin tukunya. Ni da na yi su ma sun kusa ruɗe ni. Ba zan ce yunwa ce ta sa ni ba. Ni na sa kaina.

Da hantsi na same shi a ƙofar gida, kusa da garejin wani Inyamuri. Tire ne a gabansa, anini da sisi da sule da kwabo mai huji, kowanne a cikin 'yar takardarsa. Na gaishe shi na miƙa masa ukun. Bai kama su yadda muke kama kuɗi ba, ta gefe ya riƙe, da yatsa biyu. Ya ɗora ɗaya a kan ɗan yatsa ya buga da ƙusa. Ƙarar ta mutu nan take. Ya jera ukun, ya sa gilashi a ido, ya daɗe.

Kafin nan mai garejin da wasu 'yan acaɓa sun kewaye mu. Bakaniken ya ce, "Baba, orijina ne? In jabu ne ka faɗa, mu koya masa hankali. Masu kawo jabu sun dame ka da yawa."

Na san garin nan. Na san abin da kalma ɗaya ke jawo wa baƙo a unguwar da ba wanda ya san ubansa. Na duba hanya, babu.

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Oga, motarka tun safe take tari, ka bar ta ka zo duba marar lafiyar wani? Ba irin da nake nema ba ne. Ku ba mu wuri, zan yi magana da baƙona."

Aka yi dariya aka watse. Ka lura, bai yi ƙarya ba, bai kuma ba da ni ba.

Da muka rage mu biyu ya ce a hankali, "Malam, ina uwarsu?"

Na ce ban gane ba.

Ya nuna mini da bakin ƙusa. Ƙarƙashin haɓar matar akwai ɗan tabo, a na farko, a na biyu, a na uku, wuri ɗaya. "Ko tagwaye ba sa faɗuwa a kan dutse ɗaya. Ƙasar zubi ba ta da wayo, abin da ta gani take kwafa."

Na san tabon. Da haƙorina na yi shi ina goye.

Na kwance na gasken daga ƙugu na ba shi. Ya buga. Ƙarar ta tafi kamar ba za ta tsaya ba, tsohon ya rufe ido har ta ƙare. Ya juya shi ya ce, "Dubi yadda baya ya fi gaba shafewa. Wannan ba a aljihu ya tsufa ba, a ƙirjin mace ya tsufa. Kada ka wanke shi da toka ko lemun tsami, kada kuma ka sake danna shi a ƙasa. Ka riga ka ƙuje masa gefe." Wannan ya fi zagi zafi.

Bai taya ba. Ya ce a wurin masu tara kuɗi ya sha jiki, ba zai yi daraja sosai ba, a wurina ne ba shi da farashi. Ya miƙo mini guduma. Biyu na fasa a gabansa. Na ukun ya roƙa, ya rubuta wani abu a takarda ya naɗe shi. Ban iya karatu ba, na tambaya. Ya ce, "Na rubuta jabu ne, amma aikin gwani. Da shi zan riƙa gwada idona."

Na koma tukwanena, har yau su nake yi. Na ga masu gane ƙarya da yawa, yawancinsu ihu suke fara yi. Tsohon nan ya koya mini cewa gane jabu rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka san yadda za ka fasa shi ba tare da ka fasa mai shi ba.