Mai Tuta Ya Tafi, Jirgin Bai Dawo Ba

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda unguwarmu duka ta sani da Baba Mai Tuta. Ya cika a cikin motar haya, a hanyarmu ta zuwa babban asibitin cikin gari, kansa a kafaɗata. An yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar matarsa Inna da 'ya'ya huɗu da jikoki.

Tun ina sakandare nake rubuta abin da ya same ni kowace rana, amma shafin Talatar nan har yau babu komai a kansa. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Matata ce ta ce in na kasa rubuta wa kaina, in rubuta maka. To ga shi, Baba. Ban sani ba ko zan iya faɗar abin da ya kamata, domin kai ma ka san ni, sai na auna magana sau uku sannan in fasa faɗa.

Saboda waɗanda ba su riske ka kana aiki ba, bari in fara daga nan. A da akwai ƙaramin jirgin ƙasa na fasinja da ke tashi daga unguwannin bayan gari zuwa cikin gari, safe da yamma, yana tsayawa a ƙananan tashoshi. A inda layin dogo ya ratsa babban titinmu akwai shingen ƙarfe da ɗan ɗakin mai gadi. Kai ne a wurin. In jirgi ya doso ka sauke shingen, ka tsaya a gefe da tutocinka biyu, koriya in hanya lafiya, ja in akwai matsala. Daga baya jirgin ya koma sau ɗaya a rana, sannan aka ce an dakatar da shi na ɗan lokaci za a gyara gada. Matata tana firamare a lokacin. Yanzu babbar 'yarmu ta gama firamare. Aka sallame ka, amma ba wanda ya zo karɓar makullin ɗakin, sai ka ƙara ɗaki ɗaya a jikinsa, ka kewaye da langa-langa, ka zauna da iyalinka.

Abin da kowa zai fara tunawa da kai shi ne yadda kake tsallaka layin. Ba ka taɓa taka ƙarfen ba. Kana isowa sai ka tsaya, ka duba dama, ka duba hagu, sannan ka ɗaga ƙafa ka tsallake. Ciyawa ta rufe katakan, awaki na kwance a tsakiya, amma ba ka fasa ba. Ranar da na fara zuwa gaishe ka da maganar neman aure, na sha sabon takalmi, na ratso layin ko kallo ban yi ba. Kana zaune a tabarma kana ganina. Ka bari na durƙusa na gama gaisuwa tsaf, sannan ka ce, "Akawu, tashi ka koma ka sake tsallakowa." Na koma, a gaban masu shayi da masu faci, na duba dama, na duba hagu. Dariyar da aka yi mini ranar har yanzu ina jin ta a kunnena. Daga baya Inna ta gaya wa matata cewa da na tafi ka ce yaron da bai yi musu a kan wannan ba, ba zai yi musu da 'yarka a kan abin banza ba. Ban gaya maka ba cewa tsoro ne ya hana ni musu. Sunan Akawu kuma ya bi ni, duk da cewa ajiyar kaya kawai nake yi a wani kantin kayan gini.

Kullum da safe kana fita da wani ƙarfe mai lanƙwasa kana yashe ramin da ke tsakanin kwalta da ƙarfen layi, inda ƙasa da leda ke taruwa. Babu mai biyan ka. In an tambaye ka sai ka ce ƙafar jirgi ta nan take bi, in ya cike jirgi na iya gocewa. Jirgi bai zo ba, amma masu baro da tsofaffi masu sanda sun amfana, don ba a taɓa barin wurin ya zama kwata ba. Jar tutar kuwa ka ba ta sabon aiki. Da ita kake tsayar da motoci lokacin tashin 'yan makaranta. Direbobin da ba sa jin maganar kowa suna ganin ka sai su taka burki, wasu har su leƙo su ce, "Baba, jirgin ya kusa?" Kai kuma ka ce yana hanya, ya tsaya shan ruwa.

Da kasuwa ta fara cin layin, ka yi faɗa har muryarka ta dishe. Amma ranar da wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta ajiye faifan kayan miya a kan ƙarfen, da goyo a bayanta, ba ka kore ta ba. Ka samo katako da tsofaffin ƙafafun keken jarirai, ka haɗa mata tebur mai taya, ka ce in ta ji kukan jirgi ta ja abinta gefe. Duk wanda ya zo bayanta haka ka ce masa, tebur marar nauyi, ban da siminti. Shekaru suka ja, tayoyin suka lotse cikin ƙasa, aka fara jera bulo. Kana gani, ka daina magana. Ina jin ka san ba za ka iya hana mutum kafa rumfa a inda abincin 'ya'yansa yake ba.

Shekaru biyu da suka wuce wasu ma'aikata suka zo da abin awo da jan fenti, suka ce ana shawarar farfaɗo da layin. Ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irin na ranar ba. Ka sa tsohuwar hularka ta aiki, ka riƙe musu bakin igiyar awo, kana nuna musu inda ruwa ke kwanciya da damina. Da awon ya iso bangon ɗakin Inna, ɗayansu ya tsaya yana sosa ƙeya. Kai ka ce ya shafa, ai ɗakin na jirgi ne, aro aka ba ka. Ya shafa jar alama. Ya kuma gaya maka a hankali cewa sabon shingen da kansa zai riƙa sauka, ba a buƙatar mai tuta. Ka ce madalla, shi ba zai yi gyangyaɗi ba. Inna na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana kallon alamar.

Abin da ya biyo baya shi ne ya raba kan unguwa. A unguwar da ke gaba da mu an rushe duk abin da ke da jar alama. Damina biyu ta wuce, ba a kawo ko ƙusa ɗaya ba. Filin ya zama juji, mutanen sun watse. Yanzu an kira taro ranar Asabar mai zuwa a makarantar firamare, wai za a ji ta bakinmu: a farfaɗo da layin, ko a cire ƙarafan a bar kowa inda yake. Kai aka sa za ka fara magana.

Ranar Talata kana cikin yashe ramin nan ka dafe ƙirji ka zauna a kan kwalta. Allah Ya sa ban riga na tafi aiki ba. Muka sami mota, muka kama hanya, muka shiga cunkoson da nake shiga kullum a gindin gada. Direba ya danna oda har ya gaji, na fita ina roƙon mutane su matsa, babu inda za su matsa. Da na dawo na tarar kana kallon taga. Layin na nan a gefen titi, ya miƙe fayau har cikin gari, babu kowa a kai sai wata mata da ke shanya. Ka ce, "Akawu, da jirgin safe ne, da yanzu mun wuce tashar asibiti." Ba da ɗaci ka faɗa ba, kamar mai ba da labarin yanayin gari. Daga nan sai kalmar shahada. Likita ya ce zuciya ce, kuma ko da mun iso da wuri ba lallai ne a yi wani abu ba. Na tambaye shi sau biyu. Na yarda kwana ne ya ƙare, amma har yanzu in na zo gindin gadar nan sai in sunkuyar da kai.

Maƙabarta tana hayin layin. Da aka ɗauko ka aka iso bakin ƙarfen, masu riƙe da makara suka tsaya cak. Ba wanda ya ce su tsaya. Na ga liman ya duba dama, ya duba hagu. Masu shayi, masu faci, direbobi, yaran da ka tsallakar da su titi yanzu sun zama magidanta, kowa ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ba wanda ya taka. A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini.

Wurin zaman makoki aka fara zuwa mini da maganar Asabar. Mai kayan miya ta kira ni gefe, ta ce, "Akawu, yanzu kai ne bakinsa. Ka gaya musu wanda ya haɗa mini tebur da hannunsa ba zai so a watsa mini shi ba." Ba ta jima da tafiya ba sai ga maƙwabcinmu birkila, wanda ke fita kafin gari ya waye ya dawo yara sun yi barci. Ya ce autansa in ya gan shi ranar hutu ɓuya yake a bayan uwarsa, yana zaton baƙo ne. Ya ce in roƙi a dawo da jirgi, in tuna a ina ka cika. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma dukansu sun yi kuka a kanka. Ni kuma ina tsoron kaina, Baba, don ni ma rabin rayuwata a cikin motar nan take ƙarewa. In na tashi na ce a dawo da jirgi, ban sani ba ko maganarka nake isarwa ko gajiyata. Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne a rushe ɗakin Inna a kan maganar da ta fito daga bakina, sannan jirgin ya ƙi zuwa, kamar yadda aka yi wa na gaba da mu.

Jiya da yamma na shiga gaishe da Inna. Tana zaune a kan darduma, tutocinka a naɗe a jingine a lungu. Na lura kwanukanta duk a manne suke da bango a kan kantar jera kaya, an tare gabansu da igiya. Matata ta taɓa gaya mini tun lokacin da jirgi ke girgiza ɗakin take jera su haka, ba ta kuma sake ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar ruwa, na yi maganar jikoki. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, abin da ya faɗa za ka faɗa musu. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ya ce ɗakin na jirgi ne." Na ce Inna, in suka rushe kuma ba su kawo jirgin ba fa? Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce ita tun tana da ƙarfi take jiran jirgin nan tare da kai, ba ta san yadda ake daina jira ba. Sai ta tambaye ni ko barandarmu tana yoyo da damina.

Ɗaki biyu gare mu da yara biyar. Yau da safe na auna barandar. Katifa za ta shiga, kantar kwanukan ba za ta shiga ba. Ban gaya mata ba tukuna.

Ranar Asabar zan tashi in faɗi abin da ka faɗa. Mai kayan miya za ta ji ni, kuma ban san da wane ido zan kalle ta ba. Mai yiwuwa ma masu taron sun riga sun gama shawararsu, maganata ba za ta ƙara komai ba. Da kana nan da ka ce in daina lissafi in tsallaka.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Yadda ka tsaya a rana da ruwa kana tsare rayukan mutanen da ba su san sunanka ba, Allah Ya tsare ka daga azaba, Ya tsallakar da kai Siraɗi lafiya, Ya sa Aljanna ce masaukinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, ga matata da 'yan'uwanta, ga jikoki, ga tsofaffin abokan aikinka da suka rage, da duk mutanen unguwa, masu son jirgin da masu tsoronsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Inna kuma, Allah Ya rufa mata asiri, kada Ya bar ta ba inda za ta jera kwanukanta. Amin.