Kan Raƙumin Dawan Kawu Labbo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Satumba, 1993, Allah ya karɓi ran kawuna Labbo, ƙanen mahaifiyata, a Jega, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Ana kiran la'asar labari ya iso mu a Maiyama.

Kawu, ka san ni ba mai magana ba ce, shi ya sa na rubuta.

Kai direba ne, kana kai albasar Aliero Ikko, kuma ba ka taɓa dawowa hannu sake ba. Da na gama firamare bana, ka miƙo mini kwali mai hoton raƙumin dawa. A ciki akwai kai da ƙafafu da wuya na roba, da ƙananan tayoyi masu haƙora, da ɗan inji kamar ƙwallon dabino, da waya ja da baƙa. Ka ce, "Raihanatu, ke kika yi boko. Karanta muna, ni yaron mota ne yau."

Muka zauna a zaure. Ni ina bin takardar, kai kana riƙe sassan da manyan yatsunka masu warin man inji. Wata ƙusa ta faɗa cikin ƙasa, ka durƙusa kana laluben ta da babbar rigarka har Inna ta leƙo tana dariya. Da muka sa batir, raƙumin ya kaɗa wuya, ya kama tafiya da baya. Ka yi dariya har da hawaye, ka ce, "Wanga ya koyi ribas kahin shi koyi tahiya!" Ba ka karɓe shi daga hannuna ba. Ka bar ni na juya shi, na sake dubawa, har na gano na sauya wa wayoyin wuri. Da ya miƙe gaba sai ka ce wa Inna a kai ni sakandare ko da za ka sayar da tayar motarka.

A wurin zaman makokinka ɗanka Hafizu, da bai san abin da ya faru ba, ya ɗauko raƙumin daga cikin kayana ya kunna a tsakar gida. Wata tsohuwa, Gwaggo Safiya, ta ja tsaki ta ce, "Subhanallahi! Surar mai rai ce. Wanda duk ya yi ta, za a ce shi hura mata rai ranar gobe. Ku karye kan, ku sauƙaƙa ma mamaci."

Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. In na ɗauki tsintsiya sai in aje, in aka zuba mini tuwo sai ya huce. Na kai raƙumin bayan rumbu, na sa babban yatsana a wuyansa, na kasa. Na koma washegari, na sake kasawa. In na bar shi, ina tsoron a tsare ka a kansa. In na karye shi, ba ni da wani abu da hannuna da naka suka haɗu suka yi.

Ni da ko karatu aka ce in biya a Islamiyya muryata rawa take, sai ga ni na tare malamarmu, Malama Gudiya, a bakin ƙofa da raƙumin cikin mayafi. Ta sa na kunna shi, ta bi shi da ido har ya yi karo da takalminta. Ta ce abin wasan yara ne, kuma malamai sun yi rangwame a kansa. Ta ce Nana A'isha tana da dokin wasa mai fukafukai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gan shi ya yi dariya, bai ce a karye ba. Sannan ta ce, "Addu'a kawunki ka buƙata, ɗiyata, ba wuyan raƙumi ba."

Ban karye shi ba, Kawu. Na ba Hafizu. Har yanzu in na ji ƙarar injin, sai in yi maza in karanta maka Ƙulhuwallahu. Ya Allah, Kai ne shaida, shi riƙewa kawai ya yi don ya faranta wa marar magana rai. In akwai tambaya, ni na ɗaura wa raƙumin kai.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Inna ta'aziyya, da matarka Zinatu, da Hafizu, da abokan tuƙinka na tashar Jega da Aliero. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da ka bari. Amin.

'Yar yayarka,
Raihanatu Magaji, Maiyama