Fuskar Baba Dabo

Tsoro ya kama Sada ne a tsakar gida, ranar da kakarsa Inna Kulu ta fita takaba. Yana durƙushe yana gaishe ta, ta ce, "Kai, mijin banza, sai yau ka ga dama? Ka kawo mini hoton nan na Malam da ka ɗauka bara, in ga fuskarsa." Ya ce to, amma ya san abin da ke cikin kaset ɗin.

Malam ɗin shi ne kakansa Baba Dabo, mai haƙar rijiya a Dutsi. A hannunsa Sada ya tashi, yana ja masa gugar ƙasa daga bakin rami, har ya gama sakandare ya tafi Jos koyon aikin fim. Tsohon bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, da aka ƙaddamar da Shari'a kuwa sai ya ƙara samun hujja. Ko hotonsa ɗaya babu a gidan.

A shekarar ƙarshe malaminsu ya ce kowa ya yi fim na gwaji, babu labari, babu waƙa, babu jarumi, a bar ido ya ga abin da bai saba gani ba. Sada ya aro kyamara ya dawo gida ya roƙi kakansa. Tsohon ya ce, "Ja'iri, in dai karatu ne, na yarda." Ran ɗauka ya kira wanzami, ya sa rigarsa ta Sallah, ya zauna a kan turmi ya yi wa kyamara murmushi. Sada ya ɗauki wannan don kada ran tsohon ya ɓaci. Da ya zo yanka da haɗawa a shagon abokinsa Chekwube a Jos, sai ya cire shi duka, yana cewa irin hoton biki ne. Ya ci jarabawa, malami har ya tafa masa.

Yanzu ga Baffa Sama'ila, ƙanen mahaifinsa, ya yi hayar talbijin da janareto. Bayan la'asar aka baza tabarmi, matan maƙwabta suka cika gidan. Sada ya danna kaset.

Igiya ta fito tana lilo. Sai kaushin diddige, ya cika talbijin ɗin kamar fasasshiyar fadama. Sai ƙasa tana komawa cikin rami da baya, ruwa yana tashi daga ƙasa yana shiga guga, ga numfashi mai nauyi kamar na majinyaci. Yara suka fashe da dariya, wata tsohuwa ta yi salati ta ja mayafi. Daga nan allon ya yi baƙi.

"An fara ne?" in ji Inna Kulu.

"An gama, Inna."

"To ina Malam?"

Baffa Sama'ila ya kashe janareto. "Wato mutumin da ya goya ka, ya sa rigar Sallah dominka, kaushinsa ka kai wa mutanen Jos su kalla? Wannan ne karatun?"

Sada ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Da ma Inna ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi kawai, "Ƙafarsa ce, na gane ta," ta tattara carbinta ta shige ɗaki.

Washegari ya shiga mota zuwa Daura, inda ake samun layin tarho, ya buga wa Chekwube waya. Ya tambaye shi ƙaramin kaset ɗin da ya fara ɗauka, mai fuskar tsohon, wanda ya bari a shagon.

"Sada, ka san halina," in ji Chekwube, "tsohon kaset, biki nake ɗorawa a kai. Amma akwai kwali ɗaya da ban taɓa ba. Bari in duba, in ba direban Daura saƙo."

Tun ranar Sada ba ya cin tuwo a tsakar gida, a zaure yake karɓar kwanonsa. Ya faɗa wa Inna gaskiya ta bayan labule, ta ce Allah ya sa a dace. Kowace safiya yana zuwa tasha ya tsaya inda motocin Daura ke sauke fasinja. Har yanzu saƙon Chekwube bai iso ba, kuma ba a san ko fuskar tana nan ba.