Ranar da Kaka Ya Taɓa Littafin Italiya

Ranar Asabar da ta wuce ina cikin kasuwar Deptford, wani mai sayar da jakunkuna ya kwance buhunsa, warin jemammiyar fata ya bugi hancina. Nan take raina ya ɓaci. Mai karatu, ka yi haƙuri da ni, an fi shekara ashirin amma wannan fushin bai huce ba.

Shekarata tara a lokacin, muna zaune a hawa na shida a unguwar Thamesmead, cikin benayen nan na kankare da iskar kogi ke ratsawa har ƙashi. Kakana na wajen uwa ya zo daga gida don a duba masa ido, ya yi lokacin sanyi guda tare da mu. Baduku ne, kuma a gidan majema ya tashi. Rini ya kama tafin hannunsa, ya yi ja kamar na mai lalle. Yana kirana amaryarsa, ni kuma ina ce masa ango mai ido ɗaya da rabi. Yana yi mini Hausa, ina mayar masa da guntuwar Hausata mai gauraye da Turanci, a haka muke shan hirarmu.

A makaranta ana koya mana zamanin da masu zane da masu ƙere-ƙere na Italiya suka yi tashe. Aka ce za a kai ajinmu gidan tarihi, ana neman iyayen da za su raka mu. Mama ba ta samu hutu a wurin aiki ba, sai ta rubuta sunan Kaka. Ya sha babbar rigarsa, ya ɗora kwat ɗin Baba a kai, muka tafi.

Da farko abin ya yi daɗi. Da muka zo kan zanen mutane tsirara, ya kawar da kai, ya raɗa mini cewa masu kuɗin nan sun iya biyan mai zane amma sun kasa sayen zani. Injin buga littafi na katako kuwa ya burge shi, ya daɗe yana kallon yadda aka haɗa shi.

Daga nan aka shigar da mu wani ƙaramin ɗaki. Wata ma'aikaciya ta ɗora wani tsohon littafin Italiya a kan matashi, bangonsa na jar fata mai adon zinariya. Ta ce mu kalla da ido kawai, ta ce irin wannan fata ta Maroko ake kiranta. Kaka ba ya jin Turanci, idonsa kuma ba ya gani sosai. Sai ya yi abin da ya saba yi wa kowace fata tun yana yaro. Ya sunkuya ya shinshina, ya jiƙa babban yatsansa da yawu, ya murza gefen bangon.

Matar ta fizge littafin. Wani mai gadi ya zo ya riƙe wuyan hannun Kaka, yana jijjiga shi. Yara suka fashe da dariya. Shi kuwa Kaka fuskarsa cike da murna, yana nuna littafin yana ta bayani. Na ji kowace kalma. Ya ce fatar jar akuya ce irin ta ƙasarmu, da bagaruwa aka jeme ta, kuma wanda ya yi aikin gwani ne.

Malamarmu ta juyo gare ni a gaban kowa, ta tambaye ni me yake cewa. Kaka ma ya juyo yana murmushi, yana jiran amaryarsa ta faɗa musu. Na dubi yaran da ke dariya, na ce ban san abin da yake faɗa ba.

Malamar ta tsaya a gabansa tana kaɗa masa yatsa, tana jan kalmomi kamar mai horon ɗan yaye. Suka zaunar da dattijo mai furfura a kan benci a waje har muka gama. A cikin manyan nan uku babu wanda ya yi tunanin cewa mutum ba ya shinshina fata haka kawai. Ina jin haushinsu har gobe. Amma na fi jin haushin kaina, yarinyar nan mai kitso biyu da ta yi ƙarya.

A bas ɗin komawa bai yi mini faɗa ba. Sai da muka wuce unguwar Abbey Wood ya yi magana, idonsa na kan taga.

"Amarya, ai kin ji ni."

Na sunkuyar da kai.

"Ba komai," in ji shi. "Da kin ce musu mai aikin gwani ne, ya isa."

Bai gaya wa Mama ba. Ya ci gaba da tsokanata, amma bai ƙara yi mini zancen fata ba har ya koma gida. Shekara biyu bayan haka aka bugo waya cewa ya rasu.

Yanzu zamani ya juya. Gidajen tarihin nan su ke neman irinmu, suna liƙa takardu cewa mu zo mu ba su labarin kayan da ke hannunsu. Bara na koma gidan tarihin tare da wata ƙawata. Littafin yana cikin gilashi, ba mai iya jin warinsa. Wata budurwa mai fara'a da ke aiki a wurin ta ji ina gaya wa ƙawata labarin, ta matso da takarda da biro, ta ce za su so su rubuta duk abin da kakana ya sani. Ta tambaye ni ta yaya ya gane, me ya ji a warin, me yatsansa ya gaya masa.

Ban sani ba ko Kaka ya yi daidai, domin ban taɓa tambayarsa ba. Na ce mata ai mun kawo muku shi da kansa, da ƙafafunsa ya shigo, kuka zaunar da shi a benci.