Ƙaramar Tukunyar Yalwa Mai Gishiri

Duk wanda ya ci kasuwar Gaya a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ya san Yalwa mai gishiri. 'Yar wajen Yelu ce, a bakin kwarin Foga ta tashi, inda mata ke tace ƙasa su dafa ruwanta har ya zama gishiri. Aure ya kawo ta Gaya, ta kafa tabarmarta kusa da masu kifi. Mace ce mai baki, ga ji da kai, kuma babu abin da take tsoro kamar a yi da ita.

'Yarta Kadi na da shekara goma sha biyar lokacin da ƙafafunta suka fara kumbura, ga ciwon kai ba dare ba rana. Aka sha saiwoyi, aka yi ƙaho, shiru. Daga ƙarshe Yalwa ta ja ta gidan likita. Malam Seyni, ma'aikacin wurin, ya ɗaura wa yarinyar wani ƙyalle a dantse, ya matsa, ya kasa kunne. Ya ce jininta ya hau fiye da na tsoho, kuma in ana son ranta da idonta, to ba ita ba gishiri, ba ita ba kanwa.

Gidan mai gishiri fa! Amma Yalwa ta bi. Ta sayi 'yar ƙaramar tukunya, kullum ta ɗebi miyar Kadi kafin ta sa gishiri a babbar. Wata biyu, kumburi ya saɓe.

Sai ga Rabi, ƙanwar mijinta, ta zo daga Junju. Garin bincike-bincikenta ta ɗanɗani miyar ƙaramar tukunya, ta tofar, ta kwashe da dariya. Yalwa ta yi mata bayani, amma ina, Rabi ba ta zo jin bayani ba. Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta cika gari: wai rowar Yalwa ta kai ta sayar wa duniya gishiri, 'yar cikinta kuwa miya lami.

Abin ya ci Yalwa ƙwarai. Ranar ta dawo gida fuska a ɗaure, ta barbaɗa ɗan gishiri kaɗan a ƙaramar tukunya, tana ce wa kanta wannan ai ba zai kashe kowa ba. Kadi ta kai loma, ta ɗago ta dubi uwarta, ta ci gaba da ci. Kashegari aka ƙara. Har Yalwa ta riƙa kiran maƙwabta su ɗanɗana.

Sati uku ba su cika ba Kadi ta faɗi a bakin rijiya, tana cewa ba ta gani sosai. Da aka kai ta gidan likita, Malam Seyni ya gwada ta, ransa ya ɓaci. A gaban mutanen da ke jiran magani ya tambayi wanda ya ba ta gishiri. Yalwa mai baki ta kawar da kai gefe.

"Ni ce nake sata a kwandon Inna," in ji Kadi. "Ba ta sani ba."

Malam Seyni ya yi wa yarinyar tatas, ya kira ta marar jin magana, mutane suna taya shi. Yalwa na tsaye, ta sunkuyar da kai, ta bar 'yarta ta sha faɗan. Wallahi kunyar kasuwa ba komai ba ce a kan wannan.

Kadi ta rayu, ta yi aure, ta haihu, sai dai idonta na hagu bai ƙara gani ba. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ita ma Yalwa ba ta iya ba. Abin da ta iya shi ne ta koma cin abin da ke cikin ƙaramar tukunya, ko bayan an kai Kadi ɗakinta.

Ta ƙara shekara ashirin tana sayar da gishiri. In mai saye ya tambaye ta ko na bana yana da kyau, sai ta tura masa kwandon ba tare da ta ɗago ba.

"Ɗanɗana da kanka," take cewa. "Ni ban san ɗanɗanonsa ba."