Telan da Yake Auna Ƙugun Bishiyoyi

Kullum da sassafe, kafin ya buɗe shago, Baba Tela yakan shiga babban lambun gari ta ƙaramar ƙofa, tef ɗin awo a wuya, littafi a aljihu. Ya rungumi bishiya, ya zagaya mata tef daidai ƙirjinsa, ya duba, ya rubuta. Biyar a rana. In ya kai ƙarshen lambun shekara ta zagayo, sai ya koma farko. Shekara goma sha tara ke nan.

Ba wanda ya sa shi. Da ya shiga ƙungiyar 'yan sa-kai masu kula da lambun, shara da ban ruwa aka ba shi. Amma shi tela ne, abin da bai auna ba bai san shi ba. Kowace bishiya ya ba ta lamba da shafinta, kamar mai kawo ɗinki.

Tsiya kam ya sha ta. 'Yan ƙungiya su ce, "Baba, yaushe rigar tsamiyar nan za ta fito?" Ya ce, "Sai ta daina ƙiba." Matarsa ma ba ta bar shi ba: "Malam, rabon da ka auna ni tun ina amarya, amma maɗaci duk shekara." Ya ce, "Shi ba ya gardama da tef."

Bara aka daina dariya. Ofishin filaye ya yanka gabashin lambun ya ba wani mai kwangila ya gina shaguna. Jami'in da ya rubuta rahoton ya ce wurin ciyawa ce da 'yan tsirrai, babu babbar bishiya ko ɗaya. Alhali bishiyoyi sittin da huɗu ne a wurin, wasu sun girmi ubansa. Ko daga mota bai sauko ba.

Shugabar ƙungiya, tsohuwar malamar asibiti, ta kai ƙara gaban kwamitin gari, ta kuma kira taron jama'a. Lambun da dubbai ke shan inuwarsa, masu gudun rage tumbi, ɗalibai masu karatu, angwaye masu ɗaukar hoto. Mutum nawa suka zo? Tara. Sauran duk muna da uzuri. Inuwa ta kowa ce, rana kuwa ta tsofaffi tara.

Aka sa zaman kwamiti ranar Alhamis. Ranar Litinin da hantsi mai kwangila ya turo masu injin yanka, don kafin Alhamis ƙarya ta zama gaskiya. Labari ya iske Baba Tela a kan keken ɗinki. Ya bar yadi a ƙarƙashin allura ya fito. Kafin ya iso, bishiyoyi sha ɗaya suna ƙasa.

Bai yi ihu ba. Ya wuce wurin ta sha biyu, ya zagaya mata tef, ya manna ƙirjinsa a jikinta.

Mai injin ya ce, "Baba, matsa, kar reshe ya same ka."

"Awo nake, ɗana. Bari in gama."

"Yaushe za ka gama?"

"Ka taɓa ganin telan da ya gama a kan lokaci? Dawo gobe."

Abokan aikin mai injin suka tuntsire da dariya, shi ma ya kashe injin. Wa zai kafa zarto a bishiyar da tsoho ɗan saba'in ke rungume da ita? Sauran takwas suka iso, kowa ya kama tasa. Haka suka tsaya har la'asar. Masu wucewa da yawa sun ɗauki hoto. Wanda ya miƙo ruwa, babu.

Ranar Alhamis jami'in ya karanta rahotonsa da murya mai kauri. Baba Tela ya tashi ya jibge littattafan shekara goma sha takwas a kan tebur, ya buɗe shafi.

"Ranka ya daɗe, lamba ɗari tara da shida, ƙugu inci casa'in da biyu. Tsiron da ke da wannan ƙiba, ina ake samun irinsa? In shuka a gida."

Shugaban kwamiti ya ce a tashi a je a gani. A can ya miƙa wa jami'in tef. Mutumin ya buɗe hannuwa iyakar ƙarfinsa, ba su haɗu ba. Aka soke takardar ba da filin. Hamsin da uku sun tsira. Sha ɗayan nan kuwa ba wanda ya amsa laifinsu, jami'in ma yana nan a kujerarsa, fanka na kaɗa masa.

Wannan watan Baba Tela ya ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, ido ya daina ganin lambobin tef. Ba walima, ba takardar yabo.

To, ga tamu. Kai ne mai awon da ba ya ƙarya. Kai ne ka durƙusa a kan kututture sha ɗaya ka auna su, ka rubuta ranar a shafinsu, ka ƙi yage ko ɗaya. Garin da ya yi maka dariya yau yana hutawa a inuwar taurin kanka. Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya yafe mana barin ka a rana.

Ku kuma masu cewa "Allah sarki" daga cikin mota, ku riƙe tausayinku. Mai kwangila bai mutu ba, jira yake. Tef ɗin yana rataye a ƙusa bayan ƙaramar ƙofa, littafin yana wurin shugabar ƙungiya. Baba ya tsaya a lamba ɗari huɗu da sha biyu. Ta sha uku tana nan, ba a auna ta ba.